Abin da ke sa baƙin fuskar waya ya koma toka-toka idan an kashe fitila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in warware wata magana da ke rikita masu sayen waya da masu sayarwa, har da wasu masu gyara, wato maganar baƙin da fuskar waya ke nunawa. Mutum zai sayi waya an ce masa tana nuna baƙi ƙirin. Da rana ya duba ya ga haka ne. Da dare kuwa, da ya kashe fitila, sai ya ga fuskar tana fitar da wani ɗan haske toka-toka, ko gefenta yana yoyon haske, ko wasu tabo-tabo masu launin kore sun bayyana. Daga nan sai zargi ya tashi, wani ya ce an cuce shi, wani ya ce wayar ta lalace. Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa ba haka ba ne, kuma kowa zai iya tantancewa da kansa idan ya san yadda abin yake aiki.

Fuskokin wayar zamani iri biyu ne, LCD da OLED. Ta LCD ba ta da hasken kanta. A bayanta akwai ƙananan fitilun LED farare, galibi an jera su a gefen ƙasa, sai wani faranti na roba da ke baza haskensu ya cika bayan fuskar baki ɗaya. A gaban wannan akwai matatun haske guda biyu da aka gicciye, ta yadda hasken da ya ratsa ta farko ba zai wuce ta biyu ba sai an murɗa shi. Aikin murɗawar na ruwan kiristal ne da ke tsakaninsu. Kowane ɗigo a fuskar yana da ƙananan tagogi uku, ja da kore da shuɗi, kuma ƙarfin lantarkin da aka ba kowace taga shi ke nuna yawan hasken da zai fito. Idan ana son baƙi, sai a rufe tagogin. Amma fitilar baya tana nan tana ci. Kamar ɗakin da aka rufe ƙofarsa aka bar fitila a kunne ne, duk ingancin ƙofar sai haske ya leƙo ta ƙarƙashinta.

Wannan leƙen ana auna shi. Ma'aunin hasken fuska shi ne nit, kuma ana kwatanta farin da fuska za ta iya nunawa da baƙinta. LCD na waya, irin wadda ake kira IPS, tazararta ba ta cika wuce 1,000 zuwa 1,500 bisa 1 ba. Alal misali, Apple ya rubuta 1,400 bisa 1 a kan iPhone 11. Ma'ana, idan farin yana nit 500, baƙin yana tsakanin sulusi da rabin nit. Idan aka rage haske zuwa nit 100, baƙin ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na nit. Yana raguwa, amma ba ya kaiwa sifili muddin fitilar tana kunne.

To me ya sa ba a ganin wannan da rana? Saboda gilashin waya yana dawo da kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa. A ɗaki mai wadataccen haske, wannan dawowar kaɗai takan kai nit 3 ko 4, wato ta ninka yoyon fitilar baya sau da yawa, ta binne shi. Shi ya sa duk wanda ya kwatanta baƙin wayoyi biyu a ƙarƙashin fitilun kanti bai gwada komai ba, hasken kantin kawai yake kallo a jikin gilashi.

Ido ma yana da nasa hannu a ciki. A cikin duhu, ƙofar ƙwayar ido tana buɗewa daga kusan milimita 2 zuwa 7 ko 8, sannan ƙwayoyin gani masu aikin dare da ke can bayan ido su karɓi aiki. Kafin su gama shiri sai an ɗauki minti 20 zuwa 30. Idon da ya saba da duhu yana iya tsinkayar hasken da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na nit ba. Don haka ko an mayar da hasken LCD can ƙasa, farin ya koma nit 2, baƙin yana nan a kusan 0.002, kuma ido zai ga siffar fuskar tana shawagi a cikin duhu. Akwai kuma abin da ya kamata a sani: ko a duhun da ba ko ƙyallin haske, ido ba ya ganin baƙi tsantsa, yana ganin wani toka-toka mai motsi da jijiyoyinsa ke haifarwa da kansu. Saboda haka a gwaji abin da ake nema shi ne ko za a iya bambance fuskar wayar da duhun da ke kewaye da ita.

Ita OLED ba ta da fitilar baya. Kowane ƙaramin ɗigo, ja ko kore ko shuɗi, shi ne fitilar kansa, an yi shi da siririn sinadari mai haske idan lantarki ya ratsa shi. Ching Tang da Steven Van Slyke ne suka nuna irin wannan a kamfanin Kodak a 1987. Samsung ya yaɗa ta a wayoyi da Galaxy S a 2010, Apple kuma ya fara sa ta a iPhone X a 2017. Sunan AMOLED da ake gani a kwali duk OLED ce, ƙarin haruffan suna nufin kowane ɗigo yana da nasa ƙananan tiransistoci masu sarrafa wutarsa. Fuska mai ɗigo 1,080 a faɗi da 2,400 a tsawo tana da ɗigo sama da miliyan biyu da rabi, kowanne ana iya kashe shi shi kaɗai. Idan an ce ya nuna baƙi, sai a tsayar da wutar, ba abin da zai fito. Alƙaluman da kamfanoni ke rubutawa, irin su miliyan 1 ko miliyan 2 bisa 1, kada a ba su muhimmanci da yawa, domin in baƙi ya kai sifili lissafin ba shi da iyaka, abin da na'urar awo ta iya kamawa kawai ake faɗa.

Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne, ƙarƙashin OLED akwai shimfiɗar ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi. Don kada hasken waje ya shiga ya dawo, ana lulluɓe ta da wata matata da ke murɗa hasken da ya shiga ta hana shi fita. Ita ce ke sa fuskar ta yi baƙi da rana. Da dare ba ta da wani aiki sosai, sai dai idan farin rubutu ya haska fuskar mai kallo ko rigarsa, hasken ya dawo kan gilashi.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskure. Mallakar OLED ba ta isa ba, sai manhajar da ke aiki ta aika da umarnin sifili. Kowane launi yana da matakai 256, daga 0 zuwa 255, kuma ɗigo ba ya mutuwa sai ja da kore da shuɗi duk sun zama 0. Yanayin duhu, wato saitin da ke mayar da farin shafi ya koma mai duhu, wanda ya shigo Android 10 da iOS 13 a 2019, ba ko'ina yake amfani da 0 ba. Tsarin zane na Google a wancan lokaci ya ba da shawarar toka mai duhu, mai lamba 18 a kowane launi, kuma manhajoji da yawa sun bi wannan. Lamba 18 ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na hasken fari ba, amma idan farin yana nit 100, tana ba da tsakanin 0.3 da 0.6. A lura da kyau, wannan ya fi baƙin LCD haske a daidai wannan matakin. Kenan mai OLED da ke kallon irin wannan manhaja a duhu zai ga fuskarsa tana haske, alhali wayar lafiyarta ƙalau, abin da aka umarce ta take yi. Masu zanen manhajojin ba su yi haka da ganganci don ɓata abu ba, suna da dalilai, kuma zan zo kansu. Wasu manhajojin suna ba da zaɓi biyu, toka ko baƙi tsantsa, sai mutum ya shiga saiti ya zaɓa.

Bidiyo ma yana da tasa matsalar. A yawancin bidiyo baƙi yana kan lamba 16 ne, fari kuma 235, sai manhajar kallo ta miƙe su zuwa 0 da 255. Idan manhajar ta kasa gane wannan, baƙin zai fito toka-toka, hoton ya yi kamar an wanke shi. Alamarsa a bayyane take: baƙaƙen layukan sama da ƙasa na bidiyon sun ɓace cikin duhu, amma wuraren dare a cikin hoton suna haske. A gwada wata manhajar kafin a zargi waya. Haka kuma manhajojin rage shuɗin haske da ake saukewa daga waje, wasunsu suna shimfiɗa jan launi ko ruwan lemo a kan komai ne, har da baƙi, sai su kunna ɗigon da ya kamata ya mutu. Wanda ya zo cikin wayar tun daga kamfani ba ya yin haka, rage shuɗi kawai yake yi.

Abin da ya fi wuya ga OLED, a ganina, shi ne matakin da ke sama da sifili kaɗan. Kashe ɗigo abu ne mai sauƙi. Amma kunna shi da ɗan haske ƙanƙani, daidai wa daida da maƙwabtansa miliyoyi, nan ake gane fuska mai kyau. A wannan matakin wutar da ke ratsa kowane ɗigo ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma tiransistocin ba sa fitowa daga masana'anta iri ɗaya sak. Bambancin da ba a gani a haske mai ƙarfi yakan fito fili a toka mai duhu: tabo-tabo, ko zane-zane a tsaye, ko wani sashe ya fi wani duhu. Kamfanoni suna ɗaukar hoton kowace fuska a masana'anta su adana lissafin gyara a cikinta, amma gyaran ba ya share komai. Idan kuma launukan uku ba su tashi tare ba, tokar sai ta karkata, galibi zuwa kore, domin kore ya fi saurin bayyana ga ido. A wayoyin da ke sauya saurin sabunta hoto tsakanin 60 da 120 a daƙiƙa, kowane sauri yana da nasa saitin launi, shi ya sa wasu ke ganin toka tana canza launi da zarar sun taɓa fuskar a ƙaramin haske. Tsayar da wayar a sauri ɗaya yakan kawar da wannan, wani lokaci kuma sabunta manhajar wayar yana gyara shi.

Akwai kuma haɗiye inuwa, inda matakai na 1 zuwa 5 ko fiye duk suke zama baƙi, har mutum ya kasa ganin abin da ke cikin wurare masu duhu a hoto. Wannan kishiyar matsalar farko ce, kuma ya fi tsanani idan an rage haske can ƙasa. Sai jan wutsiya. Ɗigon da aka kashe gaba ɗaya yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya farka, saboda sai 'yar wutar nan ta cika shi kafin ya fara haske, kuma launukan ba sa farkawa tare. Idan ana gungura shafi mai toka a kan baƙi, sai a ga wata inuwa mai launin shunayya tana bin gefen abin da ke motsi. Wannan ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar fasahar ce, kuma tana raguwa idan an ɗan ƙara haske. Shi ne ɗaya daga dalilan da suka sa masu zane ke zaɓar toka, tunda ɗigon da bai mutu ba ba ya buƙatar farkawa. Dalili na biyu, farin rubutu a kan baƙi ƙirin yana yi wa wasu idanu ƙawanyar haske, musamman masu matsalar karkacewar gani. Wannan ƙawanyar a cikin ido take faruwa. Ta bambanta da wadda ake gani a LCD masu fitilun baya da aka kasa gida-gida, irin iPad Pro mai inci 12.9 na 2021 da ke da gidaje sama da 2,500, inda hasken gida ɗaya ke malala ya kewaye abu mai haske.

Ga yadda za a yi gwajin. A goge gilashi, a kashe saitin da ke daidaita haske da kansa, a kashe agogon da ke zama a kunne idan waya ta yi barci, a rufe fitilar caja da duk wani abu mai ƙyalli a ɗakin. A samo hoto baƙi tsantsa, gara ya zama nau'in PNG, domin hoton JPEG da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu yakan ɗauko datti da ba 0 ba. Hoton da aka ɗauka da kyamara a rufe ba ya aiki, shi ma ba sifili ba ne. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# a wurin buga lamba yana buɗe shafin gwaji mai ɗauke da baƙi. A buɗe hoton ya cika fuska, ba agogo ba alamar batir, a ɗaga hasken wayar har ƙarshe, sannan a zauna cikin duhu aƙalla minti 10. Kada a kalli wayar kai tsaye, a ɗan kau da ido gefe, saboda ƙwayoyin ganin dare ba sa tsakiyar ido. OLED mai lafiya za ta ɓace, ba za a iya cewa ga inda ta fara ga inda ta ƙare ba. LCD za ta fito kamar allo mai toka.

Idan LCD ce, a juya ta hagu da dama. Hasken da ke sauya wuri ko ya ƙaru idan an kalle ta a karkace ɗabi'ar IPS ce, ba a gyara shi. Wanda ya tsaya wuri ɗaya a gefe ko kusurwa, shi ne yoyon fitila, kuma matsi ke kawo shi: firam da ya lanƙwashe, ko fuskar da aka ɗaura ba daidai ba, ko batir da ya kumbura yana turo ta daga ciki. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. In an ga haske ya taru a tsakiya ko fuska ta fara ɗagawa, a daina caji a kai wa mai gyara.

Idan OLED ce ta wuce gwajin baƙi, sai a koma kan toka. A buɗe hotuna masu lamba 5, da 13, da 26, wato kusan kashi 2 da 5 da 10 cikin 100 na matakan, a rage haske zuwa ƙasa da rubu'i. Ɗan rashin daidaito a lamba 5 kusan kowace fuska tana da shi. Abin da ya cancanci a mayar da waya shi ne tabon da ake gani a lamba 26, ko wanda ke bayyana a amfani na yau da kullum, ko layi mai haske da ya ratsa fuskar ko a kan baƙi tsantsa. A wannan gwajin ne kuma ake gane ƙunar fuska, inda siffar madannai ko alamomin sama suka bar inuwarsu saboda ɗigon wurin sun riga sauran tsufa. Ina gargaɗi game da ɗaukar hoton gwajin da wata waya: kyamara a yanayin dare tana tara haske na daƙiƙoƙi, sai ta mayar da ɗan abu ya zama dodo. Ido shi ne alƙali.

Wannan gwajin ya fi amfani ga wanda zai sayi waya ta hannu, ko wanda aka canza wa fuska. Akwai fuskokin LCD da ake ƙerawa daidai girman wayoyin OLED, suna shiga su yi aiki, kuma da rana ba kowa zai gane ba. Sa irin wannan ba laifi ba ne idan an gaya wa mai waya ya amince, amma ya san abin da zai rasa: baƙin zai koma toka, agogon da ke zama a kunne zai riƙa cin caji saboda sai fitilar baya duka ta kunnu, kuma na'urar karanta yatsa da ke ƙarƙashin fuska galibi za ta daina aiki. Ina kira ga masu gyara da su riƙa faɗin gaskiyar irin fuskar da suka sa. In babu ɗaki mai duhu a kusa, a lulluɓe kai da waya da mayafi mai kauri, bambancin zai fito cikin minti ɗaya ko biyu.

Maganar batir a taƙaice take. A LCD, yanayin duhu ba ya rage cin wuta, tunda fitila tana ci ko ta yaya. A OLED yana ragewa, amma gwargwadon ƙarfin haske. Wani bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka a 2021 ya samu ragin kashi 3 zuwa 9 cikin 100 kacal a haske na kashi 30 zuwa 50, sai a haske cikakke ragin ya kai kashi 39 zuwa 47. Tsakanin toka mai lamba 18 da baƙi tsantsa kuwa, bambancin cin wutar ƙanƙani ne, don haka mutum ya zaɓi wanda idonsa ya fi jin daɗi.

Abu na ƙarshe ya shafi masu karatu a duhu. Saboda wahalar sarrafa ƙaramar wuta da na bayyana, yawancin OLED suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, wasu sau 240 ko 480 a daƙiƙa, wasu sababbi sama da 2,000. Yawancin mutane ba sa jin komai, amma wasu yana sa musu ciwon kai ko gajiyar ido, kuma ya fi tsanani a ƙaramin haske. Mai wannan matsalar ya duba ko wayarsa tana da saitin rage ƙiftawa, ya kunna 'yar fitila mara ƙarfi a bayansa ko a gefe, ya ɗan ɗaga hasken wayar. Baƙin ba zai yi zurfi kamar a duhu sosai ba, amma jan wutsiya da tabon toka duk za su ragu, idon kuma ya samu sauƙi.

Na gode da wannan fili da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu, ma'aikaci a fannin na'urorin lantarki